Hangen dutse ba hawansa ba ne: yadda ake zaɓo wa ƙungiya dutsen da za a hau a dawo a yini ɗaya

Shekarun baya, mu da muka yi aji ɗaya a nan Daura muka gaji da taron shekara irin na kujerun roba da lemon kwalba da jawabin shugaba. Wani ya kawo shawarar a fita a hau dutse, aka yi masa tafi. Ni aka ɗora wa neman wurin, ni kuwa na zaɓi wani dutse don kawai na sha hango shi ta tagar mota yana ba ni sha'awa. Mun isa gindinsa wajen sha ɗaya na safe, a watan Afrilu, mu ashirin da 'yan kai, da jaka biyu ta fiya wata. Mutum huɗu ne suka kai sama. Sauranmu a inuwar wata kanya muka ƙare muna yi wa wani abokinmu fifita da kwali, shi kuma yana rantsuwa ba zai sake bin shawarata ba ko ta sayen goro ce.

Daga baya mun sake fita sau da dama kuma an ji daɗi. Abin da ke ƙasa shi ne tsarin da nake bi yanzu, daki-daki.

Mataki na 1: ƙirga mutanenka kafin ka nemi dutse

Kuskuren da na yi a karon farko shi ne na fara da dutsen. Da mutane ake farawa. Ka buɗe rajista a zauren WhatsApp na ƙungiya, kowa ya rubuta sunansa, sannan ka bi su ɗaya bayan ɗaya a keɓe ka yi tambaya, domin ba wanda zai faɗi ciwonsa a gaban mutum hamsin. Ka tambayi mai hawan jini, mai ciwon suga, mai asma, mai ciwon gwiwa ko ƙugu, mai juna biyu, da mai sikila. Wannan na ƙarshen ka riƙe shi da muhimmanci, don gajiya mai yawa da ƙishirwa suna tayar da ciwon, kuma da yawa daga masu shi ba sa son a sani. Duk wanda ke shan magani kullum ya ji ta bakin likitansa tukuna.

Tambayar da ta fi fito mini da gaskiya ita ce: "Yaushe rabonka da tafiyar awa ɗaya a ƙasa ba tsayawa?" Za ka sha mamakin yawan waɗanda babur da Keke Napep suka raba su da tafiyar ƙafa. Wanda ya amsa da "ai ni da a makaranta ina buga ƙwallo", ka sa shi a jerin masu rauni ba tare da ka gaya masa ba.

Da ka gama, ka dubi wanda ya fi kowa rauni a cikin waɗanda lallai za su je. Shi ne ma'aunin dutsen. Idan Hajiya mai shekara hamsin da biyar za ta je, to dutsen Hajiya za a nema, samari su yi haƙuri ko a ware musu wani ɓangare mai ɗan wuya a can sama. Yawan mutane kuma, a ganina, daga takwas zuwa goma sha takwas ya fi daɗin riƙo, wato cikin bas ɗaya. In sun haura ashirin da biyar, a raba su gida biyu, kowane da jagoransa.

Mataki na 2: ku yarda a kan abin da ake kira "mai sauƙi"

Kalmar sauƙi tana yaudara. Yaron ƙauyen da ke kora awaki sama kullum zai ce maka "ai nan ne, ba wuya", kuma ba ƙarya ya yi ba, a ƙafarsa ba wuya. Saboda haka nake amfani da awo. Wannan rabon nawa ne, daga abin da na gani a jikin mutanenmu:

Mai sauƙi shi ne wanda zuwa da dawowa bai wuce kilomita 4 ko 5 ba, tsawon da za a hau daga gindi zuwa sama bai kai mita 150 ba, akwai turba a bayyane, kuma ba inda za a dafa ƙasa da hannu. Matsakaici shi ne kilomita 5 zuwa 10, hawa har zuwa mita 400, da 'yan wuraren da sai an dafa dutse ko an miƙa wa juna hannu. Duk inda ake bukatar igiya, ko inda mutum in ya zame zai faɗa ƙasa mai nisa, ya fita daga lissafin yawon ƙungiya.

A nan ne ake yawan ruɗewa da lambobin intanet. Za ka ga an rubuta Dutsen Dala na Kano mita 534, gabanka ya faɗi. Wannan tsawo ne daga doron teku, kuma birnin Kano kansa yana zaune ne kusa da mita 500. Abin da ƙafarka za ta hau 'yan mitoci ne da ba su kai ɗari ba. Kullum ka cire tsawon gindi daga tsawon ƙololuwa, abin da ya rage shi ne aikinka.

Lokaci kuma akwai tsohon lissafi da wani mahayin duwatsu ɗan Sikotland, William Naismith, ya fitar a 1892: awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Ka ɗauki tafiyar kilomita 4 mai hawan mita 150: minti 48 na tafiya da minti 15 na hawa, awa ɗaya da 'yan mintoci ke nan. Amma lissafin na ƙaƙƙarfan mutum ne da ba ya tsayawa, a ƙasa mai sanyi. Mu da za a tsaya ɗaukar hoto, a jira na baya, a sha ruwa, a yi gardamar siyasa a kan falalen dutse, sai ka ninka shi biyu, ka kuma ƙara awa ɗaya ta zama a sama.

Mataki na 3: tara sunayen wurare, aƙalla uku

Ƙasarmu ta Daura da arewacin Katsina shimfiɗaɗɗiya ce, rairayi ya fi yawa. Manyan tsaunuka irin na Shere da ke Jos, masu haura mita 1,800 daga doron teku, ba na tafiyar yini ba ne daga nan. Abin da muke da shi duwatsu ne ɗaiɗai da suka fito tsakiyar fili da kuma jerin tuddai, kuma wannan ya wadatar wa masu farawa.

Daga Daura, wurin da ya fi kusa da hannu shi ne ƙasar Kazaure, a kan titin da ke bi ta Dambatta zuwa Kano. Tun kafin ka shiga garin za ka fara ganin tuddai a gefen hanya, ga kuma ruwan dam da ke ƙawata wurin. Tuddai ne marasa tsawo sosai, sai dai suna da tsakuwa da duwatsu masu motsi a ƙarƙashin ƙafa, wanda ke sa sauka ta fi hawa wuya.

Dala ita ce makarantar farko ga ƙungiyar da ba ta taɓa hawa komai ba. Akwai matakala, tana tsakiyar birni, asibiti da abinci duk suna kusa, ga tarihin Barbushe da Tsumburbura da za a ba yara a sama ana kallon tsohon birni. A haɗa ta da Gidan Makama da Kasuwar Kurmi, yini ya cika. Goron Dutse ma yana nan kusa. Aibinta ɗaya, ga wanda ya fito neman shiru da iskar daji, ba zai samu ba.

Daga Katsina, sunan da kowa zai fara kira shi ne Dutsin-Ma, garin da ma dutsen ne ya ba shi suna, ga dam ɗin Zobe a kusa. Irin dutsen can sulɓaɓɓen falale ne mai faɗi, mai daɗin takawa in ya bushe. Amma yankin yana maƙwabtaka da wuraren da matsalar tsaro ta taɓa, don haka kada a sa shi a jeri sai an bi mataki na gaba da kyau.

Masu son nisa akwai duwatsun garin Dutse a Jigawa, da na Birnin Kudu inda tsofaffin zane-zanen shanu suke a jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa, da Kufena a Zariya. Waɗannan daga Daura ko Katsina sun fi dacewa da kwana ɗaya a hanya. Ƙa'idata ita ce in tafiyar mota zuwa kawai ta wuce awa biyu da rabi, an cinye yinin a kan titi.

Sauran wuraren, waɗanda sau da yawa suka fi daɗi, ba su da suna a intanet. A bakin mutane suke. Ka tambayi direbobin tasha masu shiga ƙauyuka ranar kasuwa, malaman firamare da aka tura karkara, ma'aikatan allurar rigakafi da suka taka kowane lungu, mafarauta, da ɗaliban sashen labarin ƙasa na Jami'ar Umaru Musa Yar'adua ko ta Tarayya da ke Dutsin-Ma, waɗanda akan kai su duba duwatsu a karatunsu. Kada ka ce "ina ne wurin yawon buɗe ido", za su tura ka rijiyar Kusugu ko hasumiyar Gobarau. Ka ce: "Wane dutse ne yara da mata ke hawa a wajenku?"

Mataki na 4: tsaro, kafin komai ya ci gaba

Ba za mu yi kamar ba mu san halin da ake ciki ba. Ƙananan hukumomin da ke bakin dajin Rugu da kewaye, irin su Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, sun sha fama da 'yan bindiga, kuma duwatsu da kogunan dutse suna cikin wuraren da ɓata-gari ke fakewa. Komai kyan dutse a can, ni ba na kai ƙungiya. Haka Kwatarkwashi ta Zamfara, duk da sunan da dutsenta ya yi.

Ko a wurin da ake ganin lafiya lau, labarin bara ba ya aiki bana. Ka ji ta bakin mutum uku da ba su san juna ba: wani mazaunin garin, wani direban da ke bin hanyar kullum, da wani jami'in tsaro ko shugaban 'yan sintiri. In ɗaya daga cikinsu ya ja numfashi ya ce "to, da sauƙi dai", ka soke wurin. Ka sake tambaya ana gobe tafiya.

Akwai wani gefen da baƙi ke mantawa. Mutanen ƙauye ma tsoronku suke ji. Bas ta sauke baƙin fuska goma sha biyar, sun haye dutsen da ke kallon gari, kowa ya ɗaga waya yana ɗauka, a wannan zamani na zargin masu kai rahoto ga ɓarayi, wannan na iya jawo abin da ba a so. Shi ya sa ba a hawa sai da sanin masu gari. Sannan a ja kunnen 'yan ƙungiya: ba sanya rana da wuri a Facebook ko a shafin kowa kafin tafiya. Hotuna su jira sai an dawo gida.

Mataki na 5: duba wurin a waya

Manhajojin masu hawan dutse irin su AllTrails ba su da abin kirki a kan yankinmu, kada ka ɓata datarka. Google Maps ya isa. Ka nemi garin, ka sauya zuwa hoton tauraron ɗan'adam, ka duba turbobi: siraran layuka masu haske da ke hawa dutsen alama ce mutane ko dabbobi na bi. Ka duba inda mota za ta tsaya, da ko akwai bishiyoyi a gindi. Sai ka koma inda aka rubuta Terrain, wanda ke zana layuka masu zagaye dutsen. Inda layukan suka matse da juna wurin a tsaye yake, inda suka ware gangare ne mai laushi, ta nan za ku hau. Ka danna wuri ka riƙe, za ka ga zaɓin auna nisa. Ka kuma sauke taswirar yankin a wayarka don ta yi aiki ko babu sabis.

Wani abu da za ka nema a hoton: farin tabo mai faɗi a jikin dutse da hanyar manyan motoci zuwa gare shi. Wurin fasa dutse ne, ana iya tayar da nakiya. A bar shi.

Mataki na 6: je ka taka shi da ƙafarka

Wannan matakin ne na tsallake a karon farko, kuma shi ne ya fi sauran duka. Mako biyu kafin ranar, ku je ku biyu ko uku, a irin lokacin da za ku je da jama'a. Ku tafi da mutum ɗaya mai matsakaicin ƙarfi, kada ku kwashi 'yan ƙwallo zalla.

Ku fara da ƙofar mai unguwa ko mai gari, da ɗan goro ko abin da ya sauwaƙa. Bayan gaisuwa sai ka ce: "Ranka ya daɗe, mu baƙinka ne daga Daura. Muna so mu kawo 'yan'uwanmu su ga dutsen nan ranar Asabar ta sama, shi ne muka ce ba ma taka ƙasarka sai da izininka. In da wanda ya san hanya, a taimaka a haɗa mu." Ban taɓa yin haka aka kore ni ba. Galibi ma sai ya aika a kira wani mafarauci ko wani dattijon makiyayi. Da ɗan gari akan ci gari, kuma wannan mutumin ya san abin da taswira ba ta sani ba.

Shi za ka yi wa tambayoyin gaske. "Baba, ina ne zuma take?" Ƙudan zuma na yin saƙa a tsagar duwatsu, kuma hayaniyar mutane da ƙamshin turare na iya tayar da su, a wurin da ba a iya gudu. Ina ne macizai suka fi yawa? Akwai inda ba a so baƙo ya taka, kushewa ko wani wurin da mutanen gari ke girmamawa ko tsoro? Ko ba ka yarda da dalilin ba, ka kiyaye, garinsu ne. Gonar wa za a ratsa? Akwai wata hanyar sauka in wannan ta gagara?

Kai kuma kana tafe kana rubutawa: minti nawa daga mota zuwa gindi, minti nawa zuwa sama, inuwa nawa ce a hanya, ina ne sabis ke ɗaukewa, wane layi ne ke kamawa a sama. Ka nemi wuri mai inuwa a tsakiyar hanya inda waɗanda suka gaji za su zauna ba tare da jin kunya ba. Ka lura da inda mata za su iya kewayawa a suturce, wannan ƙaramin abu ne da kan hana mata da yawa sake zuwa. Ka gwada sauka a wurin da ya fi tsayi kana tunanin Hajiya: za ta iya? In amsar "wataƙila" ce, a'a ce. Kafin ku bar garin ku leƙa ofishin 'yan sanda ku sanar, ku ga asibitin da ya fi kusa da idonku, ku kuma yi ciniki da ɗan jagora a gaban mai unguwa don kada a yi musu ranar.

Mataki na 7: zaɓen wata da awa

Daga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu ne lokacin. An gama girbi ba za ku tattake wa kowa amfanin gona ba, ciyawa ta bushe ana ganin inda ake sa ƙafa, safiya da sanyi. Illar hunturu ita ce ƙura: ranar da hazo ya sauka sosai za ku hau ku ga fari fat, ga masu asma cikin wahala. A sa takunkumi a jaka.

Maris zuwa Mayu a manta da zancen. Zafi na haura digiri 40, falalen dutse kuma yana ɗaukar zafi har ya gagari tafin hannu. Damina ita ce ta fi kyan gani, ko'ina kore shar, amma jiƙaƙƙen dutse mai gansakuka ya fi sabulu santsi, kuma kan dutse shi ne wuri mafi muni in ana tsawa. In dai sai an je da damina, a je da sassafe, da ganin hadari ya haɗo a gabas a fara sauka ba shawara.

A watan Disamba rana na fitowa wajen bakwai saura kwata, ta faɗi shida da 'yan mintoci. A tashi daga gida bayan Asuba, a fara hawa kafin takwas, a sauko kafin Azahar, a shigo gida da sauran rana. Ba azumi, ba Juma'a, kuma a kauce wa ranar kasuwar garin. Ku tsayar da awar juyowa tun a gida, misali sha ɗaya da rabi: ko an kai sama ko ba a kai ba, in ta buga an juya.

Mataki na 8: mota, kuɗi da kaya

A ɗauki shatar bas a tasha, ta hannun shugabannin tasha, a yi magana a fili cewa direba zai jira har a sauko. A duba taya da safaya. A naɗa ma'aji, a tara kuɗi mako guda kafin tafiya, a sa kuɗin ɗan jagora da na gaisuwar mai gari da wani abu na ko-ta-kwana a ciki. Wanda bai biya ba bai da kujera, in ba haka ba ranar za ka ga rabin masu "in sha Allahu ina nan tafe" sun kashe waya.

Ruwa shi ne babba. Kowane mutum lita 2 zuwa 3, wato ƙullin fiya wata huɗu zuwa shida, jaka ɗaya mai ashirin ke nan ga kamar mutum huɗu. Kowa ya ɗauki nasa a jakar goyo, a bar wani a kula cikin mota, ruwan alwala kuma a jarka daban. Abinci mara nauyi: dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, ayaba, kilishi, burodi. Dambu ko shinkafa a bar su a mota sai an sauko. Fura da nono tana da daɗi a gindin dutse bayan an gama, kafin hawa kuwa kasala take sawa.

Takalmi kambas mai ƙyalli a ƙasa ba ya riƙe dutse, a nemi mai zane-zane a tafinsa, kuma wanda ƙafa ta saba da shi. Ba silifa, ba sabon takalmi. Maza su bar babbar riga a gida. Mata su sa wando a ƙarƙashin doguwar riga mai faɗi da hijabin da bai kai ƙasa ba, don dogon hijabi na kama ƙaya kuma yana rufe inda ƙafa za ta sauka. Safa mai kauri saboda ƙarangiya. Malafa ko hula. Sanda ga duk mai ciwon gwiwa.

A jakar jagora: bandeji, filasta, auduga, aidin, farasitamol, ƙullin gishiri da sukari na asibiti, tocila, usur, abin cajin waya na tafi-da-gidanka, da buhu na kwashe shara. A bar wa wani a gida takarda mai sunayen matafiya, sunan wuri, lambar direba da awar da ake sa ran dawowa. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, amma lambar mai unguwa da ta shugaban 'yan sintiri za su fi saurin amfani a ƙauye.

Mataki na 9: ranar tafiya

A gindin dutse a yi addu'a, a ƙirga kai da babbar murya, a faɗi dokoki a taƙaice. Ɗan jagora a gaba, ba mai wuce shi. Mai raunin nan da aka zaɓi dutsen dominsa a sa shi na biyu ko na uku, don saurinsa ya zama saurin kowa. In aka bar shi a baya, duk lokacin da ya iso wurin hutu sai na gaba su miƙe, shi bai huta ba ke nan har a gama. A ƙarshen layi a sa mutum mai ƙarfi da haƙuri, riƙe da jakar magani, ba mai zama bayansa.

A huta minti biyar duk bayan minti ashirin ko talatin, a sha ruwa ko ba a ji ƙishi ba. A kan tsakuwa a bar tazara, wanda ya ture dutse ya yi ihu don na ƙasa su kauce. Ba a zura hannu a rami ko ƙarƙashin dutse, gidan kunama da kububuwa ne. Ba a ɗaukar hoto da baya a bakin gaɓa. Wannan dokar sai ka maimaita ta sau goma ga matasa, ka kuma yarda su ji haushinka. In akwai dam a kusa, ba wanka, ko wa ya ce ya iya ruwa.

Wanda ya ce ya gaji, a zaunar da shi a inuwar da ka tanada tare da mutum ɗaya, ba a barin kowa shi kaɗai, kuma ba a yi masa dariya.

In wani abu ya faru

Jiri, ciwon kai, tashin zuciya ko ɗaurewar jijiya alamun zafi ne da ƙarancin ruwa. A kai shi inuwa, a sassauta masa kaya, a jiƙa masa jiki, a ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan. In ba na asibiti, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri a lita ɗaya ta ruwa. In ya fara sambatu ko ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a ci gaba da jiƙa shi a nufi asibiti.

Saran maciji: a kwantar masa da hankali, a cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi kamar yadda ake yi wa karaya, a ɗauke shi zuwa mota. Ba ɗaure wuri tamau da igiya, ba tsagawa, ba tsotsa, ba tsayawa neman macijin. Allurar kashe dafi ce magani, kuma ba kowane asibiti ke ajiye ta ba, shi ya sa tun ranar duba wuri za ka tambayi inda ake samunta.

Mafi yawan targaɗe a wajen sauka ake yinsa, lokacin da ƙafa ta gaji kuma hankali ya riga ya tafi ga kular abinci. A sauko a gicciye, taku gajere, gwiwa a ɗan lanƙwashe. Inda ya yi tsayi a zauna a ja gindi, ba abin kunya ba ne, ni ma haka nake yi.

A ƙasa a sake ƙirga kai kafin a buɗe abinci. A tsince ledojin fiya wata duka, har da waɗanda kuka tarar, don awakin gari na cinye su su mutu. A sallami ɗan jagora a gaban mutane, a karɓi lambarsa, a biya ta ƙofar mai gari a yi ban kwana ko da minti biyar ne. A cikin mota, kafin kowa ya yi barci, ka buɗe littafinka ka rubuta awar da aka fara da wadda aka sauko, ƙullin ruwa nawa ya rage, da inda aka fi shan wuya. Sannan ka kira wanda ka bar wa takarda a gida ka ce masa kun kamo hanya.